Rabin Kofi

A zuriyar Baba Kuku, har gobe idan aka zuba wa mutum shayi bai kai baki ba, ba ya fushi. Leƙa kofin zai yi ya ce, "Yau kuma teku ta tashi ne?" Sai a yi dariya a ƙara masa. Yaran da aka haifa daga baya suna faɗar maganar ba tare da sun san inda ta samo asali ba, wasunsu ma ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na kududdufin bayan layi ba. To, ga asalinta.

Baba Kuku ya shiga jirgin ruwa tun gemunsa bai fito ba. Da wanke-wanke ya fara, aka ɗaga shi zuwa fere dankali, daga nan zuwa yanka albasa, har wata rana ya wayi gari shi ne kukun jirgi sukutum, mai ciyar da kyaftin da injiniyoyi da masu kankare tsatsa. Jiragen kaya ne, irin waɗanda ke yin wata da watanni ba su ga tudu ba. Ya yi shekara talatin da 'yan kai yana girki a kicin ɗin da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

A hannunsa na hagu akwai tabo mai sheƙi, daga gwiwar hannu har wuyan hannu, kamar an liƙa masa leda. Tun yana sabon shiga ya samu. Ya cika tukunyar miya fal don a yaba masa, jirgi ya karkata, miyar ta zaɓi hannunsa. Tsohon kukun da ke koya masa aiki yana shafa masa magani yana masa faɗa, ya ce a cikin jirgi ba a cika komai, ko tukunya ko kofi ko bokiti, rabi ake zubawa a bar wa ruwa wurin rawa. Ƙunar ta warke, maganar ta zauna. Daga ranar hannun Baba Kuku ya koyi tsayawa da kansa in ruwa ya kai tsakiyar mazubi, ko da shi mai hannun yana tunanin wani abu daban.

Duk tsawon shekarun nan, matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ke riƙe da gida. Tela ce. Da wani baƙin keken ɗinki na ƙafa ta raini yara biyar, ta aurar da huɗu, ta kai ta biyar, Auta, makarantar koyon jinya. Shi kuwa yakan zo hutu ne kamar baƙo, akwati cike da sabulu mai ƙamshi da alawar gwangwani. A share masa ɗaki, a kai masa abinci a rufe, kafin ya gane wane yaro ne ya fi wane tsawo, hutu ya ƙare.

Yara sun fi son labarinsa da alawar. Yakan ce a jirgi komai sunansa daban, Turancin 'yan jirgi ba na makaranta ba ne. Auta, lokacin tana sakandare, ta taɓa ɗauko ƙamus don ta kama shi, sai ta tarar gaskiyarsa ne: kalmar da Turawa ke kiran zanin gado da ita, da ita 'yan jirgi ke kiran wata igiya da ake ja. Inna tana ɗinki ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Mutanen da ba su raba zanin gado da igiya ba, su ne suka riƙe mini miji." Aka yi dariya aka wuce. Ba wanda ya san igiyar za ta biyo shi gida.

Ranar da ya yi ritaya ya dawo dawowar ƙarshe, ya shigo da akwatinsa da wata jakar kayan aiki mai nauyi. A karo na farko a rayuwarsa ya leƙa kicin ɗin gidansa, don a da baƙo ne, baƙo kuwa ba ya shiga kicin. Gabansa ya faɗi. Kofuna a jere a bakin kanta, ba abin da ya riƙe su. Faranti bisa faranti har sama. Wuƙa a kwance a gefen tebur, tsininta na kallon ƙofa. Ga tukunya a kan risho cike har wuya tana tafasa, ba shinge ba komai. Ya dafa bango.

"Uwargida, haka kuke zaune?"

"Haka muke zaune, Malam. Sannu da hanya."

"Shekara da shekaru?"

"Ba wanda ya mutu."

"Allah ne ya tsare."

"Shi dai ke tsarewa kullum. Zo ka ci abinci."

Abin da Inna ba ta sani ba, akwai tsoro a ƙasan zuciyarsa, kuma ba na tukunya ba ne. A jirgi, in bai tashi ba ba wanda zai karya kumallo, ƙarti fiye da ashirin idonsu na kan ƙofar kicin ɗinsa. A nan kuwa ko kyanwar gida ba ta tambayarsa komai. Yana tsoron ya zama baƙon da hutunsa ba ya ƙarewa, a riƙa share masa ɗaki ana kai masa abinci a rufe har ya mutu. Yana so gidan ya buƙace shi. Da ya ga kofunan nan a bakin kanta, sai ya ji sanyi a ransa, ya samu aikin yi.

Da tebur ya fara. Ya je wurin maƙwabcinsu Kafinta, abokin wasansa tun ƙuruciya, mai kiransa Kyaftin don tsokana, ya sayo siraran katako ya buga wa teburin cin abinci baki ta kowane gefe, don kada faranti ya sulale. Daga nan kowane kofi ya samu ƙugiyarsa. Kowace ƙofar kabad ta samu sakata biyu, har ya zama in Inna za ta ɗauko gishiri sai ta sa hannu biyu da gwiwa. Ya kewaye risho da shingen ƙarfe. Ya ɗaure rediyo a jikin taga. Ya ɗaure tsintsiya. Kyanwa kaɗai ta tsira, ita ma don ta iya gudu ne.

Maza 'yan layi suka riƙa zuwa yi masa barka da dawowa, shi kuma ya riƙa dafa musu shayi. Shayinsa ba na wasa ba ne, ƙamshinsa har titi. Amma da Kafinta ya karɓi nasa ya leƙa, sai ya karkata kofin yana neman shayin.

"Kyaftin, shayin ne ya ƙare, ko butar ce ke jin kunya?"

"Sha, a ƙara maka."

"To me ya hana a ƙara tun farko?"

"In ya zube fa?"

"Me zai zubar da shi? A zaune nake!"

Baba Kuku ya dubi daɓen ƙasa irin kallon da ake yi wa karen da ya yi kamar yana barci. Ya ce, "Ba a yarda da ita."

"Da wa?"

"Da ƙasa."

Kafinta ya yi dariya har ya ƙware. A gaskiya ba rowa ba ce, in ka miƙa kofi sau goma, sau goma zai zuba maka, rabi-rabi, ransa fari. Amma layi ba ya jiran bayani. Kafin wata ya ƙare, mai kanti da mai gyaran babur da matan da ke kawo ɗinki duk sun manta sunan Kuku, sai Rabin Kofi.

Inna ta yi haƙuri. Gwiwar hannunta ta yi ta bugun bakin teburin nan har ta yi baƙi, ta yi shiru. Amma akwai wata dabarar 'yan jirgi da ta kai ta bango. A jirgi, kafin a jera abinci sai a yayyafa wa zanin tebur ruwa, faranti ya manne ba ya motsi. Baba Kuku bai ga dalilin daina wannan alheri ba. Wata rana wata malamar makaranta ta kawo farin yadi mai tsada, ta shimfiɗa shi a kan teburin don a auna, da aka ɗaga sai ga furannin zanin tebur ja da kore sun fito raɗau a jiki. Inna ta ba ta haƙuri, ta raka ta har ƙofa, ta dawo ta tsaya a gabansa.

"Malam, ka ɗaure kofi na yi shiru. Ka ɗaure tukunya na yi shiru. Ni dai kada ka ɗaure ni. Auta ta ce akwai ɗaki a gidanta, taga biyu gare shi."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Bai kula da cewa ita ba ta yi dariya ba, bai kuma tambayi kansa me ya kawo maganar taga ba.

Abu ɗaya ne ya rage a gidan da ke hana shi sukuni, keken ɗinki. Ƙarfe ne zalla, ya fi buhun siminti nauyi, amma bai taɓa ganinsa wuri ɗaya ba. Da safe in ya fita yawon miƙe ƙafa, keke yana gindin tagar ɗaki. In ya dawo daga kasuwa, yana bakin ƙofa. Da yamma in ya tashi daga zaman hira wurin Kafinta, sai ya tarar da shi a baranda. Shi mutum ne mai son zaga gari, don ƙafarsa ta daɗe ba ta taka ƙasa ba, saboda haka bai taɓa kasancewa a gida lokacin da keken ke tafiya ba. A iliminsa kuwa, abu mai nauyi da ke yawo a cikin ɗaki shi ne ke karya ƙafar mutum. Ya tuna wani injin niƙa nama da ya taɓa kwancewa a jirgi ya bi wani injiniya har cikin banɗaki. Tausayin Inna ya kama shi. Ya ce a ransa, baiwar Allah, shekara da shekaru tana fama da keke mara mazauni, ba namiji a gida da zai kafe mata shi.

Ya jira ranar da ta tafi sayen zare, ya kira Kafinta ya zo da injin huda.

Kafinta ya ce, "Kyaftin, ka tambaye ta?"

"Kyauta ce. Ana tambayar mutum kafin a yi masa kyauta?"

"Irin taka, ana tambaya."

"Kai dai riƙe mini nan."

"Ni ba na ciki. Ga inji, in an tambaya ka ce sata ka yi."

Shi kaɗai ya yi aikin, kuma aiki ne na gwani. Ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina aminci, lungun ɗaki inda bango biyu suka haɗu, nesa da taga, nesa da ƙofa. Ya huda siminti, ya sa noti a kowace ƙafa, ya ɗaure da sifana har jijiyar wuyansa ta fito. Ya gwada turawa da kafaɗa, keke ko gezau. Ya goge shi da mai, ya yi wanka, ya zauna yana jiran godiya.

Inna ta shigo da ledar zare. Ta ga keken a lungu, ta kama shi za ta ja kamar yadda ta saba, ya ƙi. Ta sake ja. Ta sunkuya ta ga notin nan huɗu suna ƙyalli. Baba Kuku ya yi gyaran murya.

"Ko guguwa ta zo, Uwargida, ba inda za shi."

Ta jawo kujera ta zauna, ta sa tabarau, ta lashi bakin zare ta nufi allura. Ta kuskure. Ta sake lasa, ta sake kuskurewa. Ta ajiye zaren a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki. Ya ji tana buɗe kabad, sakata ɗaya, sakata biyu. Ta fito da jaka.

"Ina zuwa?"

"Gidan Auta."

"Lafiya? Yaushe za ki dawo?"

"Ka zauna da jirginka, Malam. Allah ya kai ku tudu lafiya."

Kwanakin da suka biyo baya, gidan ya zama yadda ya daɗe yana mafarki. Ba abin da ke motsi. Kofuna a rataye, tsintsiya a ɗaure, ko cokali ba ya ƙara. Ya dafa shinkafa rabin tukunya, ya jiƙa zanin tebur, ya jera faranti biyu saboda sabo, ya mayar da ɗaya. Kyanwa ma ta koma gidan Kafinta. Mata masu ɗinki suka riƙa sallama, yana fitowa yana cewa ta je duba jikoki, suna kallonsa irin kallon waɗanda labari ya riga ya kai musu.

Ya ƙi fita yawo, don kada a tambaye shi. Wannan ne ya sa a karo na farko ya wuni a gida tun safe har yamma. Maɓallin rigarsa ya cire, ya ce bari ya mayar da kansa, ai ɗan jirgi ba ya rasa iya riƙe allura. Ya zauna a kujerar Inna a lungun nan, ya ɗaga allura. Bai ga kafar ba. Ya matso da ita, ya nesanta ta, ya rufe ido ɗaya. Duhu ne kawai. Ya tashi ya je gindin taga, nan take zare ya shige.

Yana tsaye a wurin ya dubi ƙasa. Ga wasu layuka biyu a jikin simintin, sun yi santsi sun ɗan zurfafa, kamar hanyar da taya ta daɗe tana bi. Ya bi su da ido. Sun tashi daga gindin taga, sun lanƙwasa sun nufi bakin ƙofa, sun haye dokin ƙofa inda katakon ya cinye, sun ƙare a baranda. Ya zauna a ƙasa yana kallo. Hasken da ke gindin taga ya janye a hankali ya koma bakin ƙofa, daidai kan layukan. Da rana ta karkata, hasken ya fita baranda. Keken ba sulalewa yake ba. Inna ce ke jan sa, ita kaɗai, tana bin haske, tun ba a san lokacin da idonta ya fara rauni ba. Shi da ya san hanyar jiragen duniya, bai san hanyar da ke cikin ɗakinsa ba.

Ya kwance notin a ranar. Kwancewar ta fi ɗaurewar wuya, don da zuciya ɗaya ya ɗaure. Kafinta ya leƙo ta taga ya ce, "Kyaftin, an fasa guguwar ne?" Shi dai ya ci gaba da murɗa sifana.

Washegari ya sa rigarsa mai maɓalli sabon ɗinki ya tafi gidan Auta. Ita ta buɗe masa ƙofa, da kayan aikinta na asibiti a jiki.

"Baba, sannu da zuwa. Kada ka taɓa mini kabad don Allah, haya muke."

"Ina uwarki?"

"Tana ciki. Ta ce in mai noti ne a ce ba ta nan."

"Ki ce mai kwance noti ne."

Inna tana zaune a falo tsakanin tagogi biyu, tana yi wa rigar jikarta kalmasa da hannu. Ta amsa gaisuwarsa kamar ta mai karɓar kuɗin wuta. Ya zauna a bakin kujera, ya ciro notin nan huɗu daga aljihu ya jera su a kan tebur. Ɗaya ya gangara ya faɗi ƙasa, don teburin Auta ba shi da baki. Ya bi shi da ido, ya daure bai tashi ya ɗauko shi ba.

"Na ga hanyar, Uwargida. Ta taga zuwa baranda. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini idonki ba?"

"Yaushe? A hutu? Ka zo da alawa in tare ka da ciwon ido?"

"Yanzu fa da na dawo?"

"Ka dawo? Ni ban ga ka dawo ba. Jirgi dai na ga ya shigo mini gida ya tsaya."

Maganar ta shige shi. Ya ce zai cire bakin tebur, zai cire sakatu, zai kwance tsintsiya, in tana so har rediyo. Ta bar shi ya gama lissafi, sannan ta cije zare ta ce ba ta son alkawari, ta san shi, yau zai cire gobe ya ga gajimare ya mayar.

"Auta, kawo wa babanki buta da kofi." Ta juyo gare shi. "Zuba mini shayi, Malam. Cike. Har baki. Ka ɗauko daga kicin ka kawo mini nan. In ka iya wannan, na san ka sauka."

Ya ce wannan ai ba wani abu ba ne. Ya shiga kicin, Auta na biye da shi tana danne dariya. Ya ɗaga buta, shayi ya fara zuba, ya kai tsakiyar kofi, hannu ya tsaya cak. Ya harari hannun. Ya sake karkata butar, ɗigo biyu suka sauka, hannu ya sake miƙewa.

"Baba, in taimaka?"

"Ke tafi can."

Daga falo Inna ta ce, "Ina ji. Ƙarar rabi ce wannan."

Ya sa hannun hagu, mai tabon, ya danne na dama. Ya rufe ido ya buɗe. Shayi ya hau, ya wuce inda bai taɓa wucewa ba, ya kai baki har ya yi tozo yana rawa. Gumi ya karyo masa. Ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya buɗe ƙafafu kamar mai tsallake kwata, gwiwoyi a lanƙwashe, ya fara tafiya. Tsakanin kicin ɗin Auta da kujerar Inna ba wani nisa ba ne, amma mutumin da ya ratsa tekuna ya ce bai taɓa yin doguwar tafiya irin wannan ba. Jikarsa tana kallonsa baki buɗe ta ce, "Inna, Kaka fitsari yake ji?" Auta ta faɗa kan kujera.

Ya kusa isowa, saura kaɗan, sai ƙafarsa ta taka notin nan da ya gangara. Bai faɗi ba, ɗan jirgi ne. Amma shayi ya yi tsalle, ya zubo masa a yatsu, ya sauka a kan ledar ɗaki. Ya tsaya ƙiƙam, fuskarsa ta canza, yana jiran abin da ke biyo baya, ihu ko gudu ko a kira mai magani.

Ba abin da ya biyo baya. Shayi ya kwanta a ƙasa inda ya zuba, bai gangara gabas ba bai gangara yamma ba. Agogon bango yana ta tafiyarsa.

Inna ta ce, "Ka ƙone?"

"A'a. Da ɗumi dai."

"Wani ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To ga tsumma can bayan ƙofa."

Ta karɓi kofin daga hannunsa ta leƙa ciki. Abin da ya rage bai fi rabi ba. Ta dube shi, ta dubi kofin, dariyar da ta riƙe tun ranar farin yadi ta ƙwace mata, har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ta shanye, ta ce wa Auta ta ɗauko mata jakarta.

A hanya ta gindaya sharuɗɗa, ya amsa duka. An cire sakata ɗaya daga kowace kabad, an bar ɗaya don kada ya kasa barci. An daina jiƙa zanin tebur. Tsintsiya ta samu 'yanci, kyanwa ta dawo. Bakin tebur kuwa, da ya ɗauko guduma zai ɓalle shi, Inna ta ce ya dakata tukuna, ta lura tun da aka buga shi zare ya daina gangara mata ƙarƙashin kujera. Ya wuni yana murmushi.

Keken ne ya zama aikinsa. Ya sa Kafinta ya nemo masa ƙananan tayoyi ya ɗaura a ƙafafun. Da safe shi ke tura shi gindin taga, in haske ya janye ya taso daga duk inda yake, ko ana tsakiyar hira, ya ce, "Ku yi haƙuri, lokacin juya keke ya yi." Ya kai shi bakin ƙofa, da yamma ya fitar da shi baranda, Inna na biye da kujerarta da almakashi. Shi ke zura mata zare a allura. Daga baya Auta ta kai ta aka duba idon aka canza tabarau, amma ba ta karɓe masa aikin zaren ba.

Tayoyin dai sai da ya sa musu birki, kowace ɗaya. Inna ta gani ta kawar da kai. Kuma har ƙarshen rayuwarsa mutum ɗaya tak yake cika wa kofi. Kafinta ya yi ƙorafi ya gaji, ya ce shekara nawa suna tare amma shi har yanzu a teku ake ba shi shayi. Baba Kuku ya zuba masa rabi ya miƙa, ya ɗauki na Inna cike fal da hannu biyu, ya buɗe ƙafafu, ya nufi baranda.